Shekarar da Aka Girbe Gonaki Tas

Gwaggona, yayar mahaifina, ba ta cin abin da aka miƙa mata a hannu. Mijinta ya rasu tun ina yaro. 'Ya'yanta maza biyu, ɗaya ƙyanda ta ɗauke shi, ɗaya ya tafi Kurmi neman kuɗi bai sake waiwayo gida ba, gonar kuma ta koma ga dangin mijin. Abin da ya rage mata ɗakin kara ɗaya ne da ɗan rumbu a bakin ƙauyenmu, rabin wuni a kan jaki daga Filinge. Ni a lokacin ina da rumfar ɗinki a kasuwar Filinge, na dawo daga soja da keken ɗinki da ɗan Faransanci na bariki. Na yi da ita, na yi, ta dawo gidana, ta ce ita ba akuya ba ce da za a ɗaure a turke ana zuba mata dusa. In na aika mata hatsi, ɗan aiken da hatsin tare suke dawowa. Zakka ma ba ta karɓa, ta ce ta malamai ce da makafi. Burinta a duniya ɗaya ne, ta mutu a ɗakinta tana cin gumin kanta.

Da kala take rayuwa. In an gama yankan hatsi an ɗaure dammuna an kwashe, tsofaffin mata kan shiga gonaki su tsinci zangarniyar da ta kuɓuce wa masu girbi. Wannan halal ne, ba mai hana su, kuma ba a kiransa roƙo, aiki ne na mai sunkuyawa. Sai dai a ƙauyenmu akwai abin da kowa ya sani ba mai faɗa. Gonakin da ke kan hanyar tsofaffin nan, masu su kan manta da zangarniya masu kauri a ƙarƙashin kara, a kusurwar da ta fi kusa da hanya. Ba wanda ya taɓa koya mini wannan da baki. Na ga mahaifina ya taka kara ya kwantar da shi da zangarniyarsa ya wuce, na buɗe baki zan yi magana, ya harare ni, karatun ke nan.

Gwaggo kuwa, in ta cika ƙwaryarta, ba godiya take yi ba. Sai ta biyo ta gindin gawon da samari ke hutawa ta sauke musu kwandon faɗa. Ta ce samarin yanzu ba su iya girbi ba, idonsu na wajen 'yan mata, a zamanin mijinta ko tsuntsu ba ya samun abin ɗauka a bayansa. Su kuma su sunkuyar da kai su ce, "A yi haƙuri, Inna, baɗi mu gyara." Baɗi ta zo su sake mantawa. Wallahi ina kewar wannan faɗan fiye da kiɗan kowane biki da na taɓa ji.

A shekarun nan, bayan an soke aikin dole amma tutar Faransa ba ta sauka ba, akwai wani limamin Katolika da ke zuwa daga Yamai lokaci lokaci, saboda akawunan bariki 'yan Dahome da 'yan Togo. Su suke ce masa Monper, mu ma muka ɗauka. Ya fara zuwa rumfata ne da farar rigarsa da ƙaya ta yaga, daga nan ya mai da bencina wurin zamansa. Hausar gabas ya koya, in ya yi magana 'yan kasuwa su yi ta dariya suna cewa ga Bakanon da rana ta ƙone. Bai taɓa ce mini in bar salla ba, ni ma ban taɓa ce masa ya yi aure ba, sai dai cikin tsiya.

Kafin ya zama limami ya yi karatun zaman jama'a, wato yadda mutane ke raba aiki da abinci da girma a tsakaninsu. Yakan ce cocinsu na da koyarwa a kan talaka da ma'aikaci: Allah ya shimfiɗa ƙasa domin kowa, abin da mabuƙaci ke samu haƙƙinsa ne, ba alfarma ba. Amma, in ji shi, koyarwar tana faɗa maka abin da ya kamata ne kawai, ba ta san farashin tiya a Baleyara ba, ba ta san wa ke kwana da yunwa a Imanan ba. Wannan sai an je an tambaya an duba, kuma aikin ilimin zaman jama'ar ke nan. Ya ce mai tausayi da bai bincika ba ya fi mugu ɓarna. Na ce masa wannan ai kowane tela ya sani, ba a yanka yadi sai an auna mai riga. Muka yi ta irin wannan musu, ni ina taka keke shi yana korar ƙuda da hularsa, har la'asar. Ban sake samun abokin gardama kamarsa ba.

To, ya auna ɗin kuwa. Kaka ɗaya ya bi ƙauyuka har da namu, ya shiga gonaki bayan girbi, ya ga zangarniya kwance, ya ga tsofaffi na sunkuye. Ya tambayi manoma ko da gangan suke bari. Kowa ya ce a'a, sakacin yara ne. Ya tambayi tsofaffin, gwaggona ta fi kowa tabbatar masa cewa sakaci ne, har da sunayen masu sakacin. Ya dawo rumfata ya tambaye ni, na ce sakaci ne. Har gobe in baƙo ya tambaye ni a tsakiyar kasuwa haka zan ce, domin ranar da aka furta abin da baki ya zama sadaka, gwaggona kuma ta zama mai cin sadaka. Shi kuma ya haɗa amsoshinmu ya fitar da abin da duk mai hankali zai fitar: ana asarar hatsi a girbi, kuma matan da ba su da kowa suna rayuwa a kan sa'a. Ya ce mini wannan bai dace da darajar ɗan Adam ba. Na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da ɗinki, a zatona magana ce irin ta benci.

Ashe da damina ya je wurin mai garinmu. Kuskurensa, wani akawun bariki ne ya rage masa hanya a motar bariki. Shi roƙo ya je yi: a gina rumbu ɗaya na gwauraye mata da marasa ƙarfi, kowane mai gona ya sa abin da ya samu, a kuma rage asarar girbi. Amma mutanen da suka sha rumbun tsimi, wanda kumandan Faransa mai mulkin yankin ke tilasta a cika a rufe, in suka ga nasara ya sauko daga motar bariki yana maganar rumbu, ba roƙo suke ji ba. Kafin motar ta kai Filinge magana ta zama nasara ya ce a yi rumbu, kuma duk wanda aka ga zangarniya a gonarsa bayan girbi shi ya sani.

Kakar nan aka girbe gonaki tas. Gwaggo ta fita da ƙwaryarta kamar kullum, ta bi gona ta bi gona, ta dawo da abin da bai kai a daka sau biyu ba. An ce mini ta biyo ta gindin gawo ta tsaya, samarin suka sunkuyar da kai, ta dube su ta wuce. Rumbu kuwa ya cika. Ranar rabo aka shimfiɗa tabarma a ƙofar mai gari, maroƙi na kiran matan ɗaya ɗaya da suna, gari duka na kallo. Wasu sun je, yunwa ba ta san kunya ba, ban kuma ga laifinsu ba. Aka kira sunan gwaggo har ya isa bakin ƙauye. Ba ta fito ba. Aka aika mata rabonta, ta mayar.

Da bazara ta yi tsanani maƙwabciyarta ta aiko mini cewa an kwana biyu ba a ga hayaƙi a ɗakin ba. Na ari jaki na tafi, ina ta shirya maganganun da zan rinjaye ta da su. Ban yi amfani da ko ɗaya ba. Na ce mata mu tafi gida, ta naɗe tabarmarta ta ɗauki mazarinta ta hau jakin. Rashin gardamar nan ya fi komai tayar mini da hankali, na yi ta jan jakin har muka shiga gari.

Da Monper ya sake zuwa, ban bari ya zauna ba. Na faɗa masa duka, da Hausa, don Faransancina ba ya ɗaukar fushi. Na ce masa ya auna mu da igiyar da ba ta lanƙwasa, ya zo ya tarar da gari na ciyar da tsofaffinsa ba tare da ya kunyata su ba, ya mai da su masu layi. Ya tsaya yana juya hularsa, can ya ce, "Amma na tambaye ka, tela. Kai ma ka ce sakaci ne."

Na ce, "In da abin hwaɗi na, da ba mu ɓoye shi cikin kara ba."

Ya zauna a kan bencin. Daga baya ya ce abin da ya fi ƙona masa rai, a cikin koyarwar cocinsu ɗin nan akwai cewa abin da ƙananan mutane ke iya yi wa kansu, babba kada ya karɓe shi daga hannunsu, sai dai ya tallafa. Ya karanta, ya koyar, ya zo ya taka shi da ƙafarsa, domin ilimin da ya dogara da shi ya nuna masa hanya ba ya jin abin da mutane suka haɗa baki suka ƙi faɗa. Amma bai ba ni gaskiya duka ba, ba halinsa ba ne. Ya tuna mini da makauniyar ƙauyenmu da wata da ƙafa ta shanye, waɗanda ba su iya shiga gona, ya ce su kala bai taɓa ciyar da su ba, bana kuwa sun ci sun ƙoshi. Ya tambaye ni, su ɗin, wa ya taɓa manta musu da zangarniya duk shekarun nan. Ni dai na ce masa ya tashi mini daga benci ina da aiki.

Ya koma ƙauyen da ƙafa, shi kaɗai, ya ce wa mai gari ba umarni ba ne, bai kuma damu da yadda kowa ke girbinsa ba. Rumbun ya zauna domin marasa ƙafa da ido, aka daina kiran suna, ana kai musu da asuba. Da kaka ta zagayo samari suka koma sakacinsu. Na zo da murnata na ce wa gwaggo ta shirya in mayar da ita, gonaki sun koma yadda ta san su.

Ta ce, "Soja, an kiri sunana ƙohwar mai gari. Yanzu in na duƙa cikin gonar mutum, shi ya san mi nika ɗauka, ni ma na san ya sani. Bar ni nan."

Nan ta zauna. Matata ta riƙe ta kamar uwa, ba ta rasa fura ba, ba ta rasa zane ba. Tana kaɗa zare a bakin ƙofa, ta gode in an kawo abinci, ta gode in an ɗauke kwano. Gwaggona mai godiya, ni dai ban san ta ba. Monper yakan shigo ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa masa da mutunci, ba ta taɓa ɗaga masa maganar ba, shi ma haka. Kafin a sauke tuta aka mayar da shi wata ƙasa, ya zo ya yi mini sallama, muka rasa abin musu muka yi ta maganar ruwan sama. Ban sake jin labarinsa ba. In yana raye ya tsufa tukuf, kuma ina fata ya samu wani mai taurin kai a can yana gwada masa hankali.

Abu ɗaya take tambayata duk lokacin da na dawo daga ƙauye, shi ne ɗakinta. A damina ta biyu rufin ya rufta, gara ta ci sauran, maƙwabta suka shuka kuɓewa a wurin. Na gani da idona. Da na dawo tana kwance, ciwon da ya zama ajalinta ya riga ya kama ta. Ta ɗago kai ta ce, "Ɗakin nan shina tsaye?"

Na ce, "Shina tsaye, Gwaggo. Ko ɗigo ba shi yi."

Ta dube ni, sannan ta ce to, a bar mata ƙofar a rufe kada awaki su shiga. Na ce za a bari.