Gidan da Na Gina a Goshin Tsibiri

A shekarun da farar hula suka dawo mulki, aka fara yawo da waya a aljihu, maganar fili ta cika Abuja: a ofis, a mota, har a zaman makoki. Wanda kuka yi turereniyar shiga bas tare jiya, yau sai ki ji ya mallaki fuloti biyu. Mu kuwa muna haya a Gwagwalada, ɗaki biyu, ni da maigidana da 'ya'yanmu. Shi direba ne a wata hukuma, ni ina buga takardu a sashen yawon buɗe ido na wata ma'aikatar tarayya. Hanyar zuwa aiki doguwa ce, da littattafan soyayya nake cinye ta, irin siraran nan da ake sayarwa a tasha. Su suka raine ni tun ina budurwa, kuma a cikinsu na tsinci wani buri da na daɗe ina ɓoyewa: gida nawa na kaina, mai baranda, inda zan zauna ina kallon ruwa.

Wata rana da rani ogan sashenmu ya kwashe mu zuwa duba wani tsibiri a kogin Gurara. Bayan Abaji muka bar kwalta, muka sha gargada har bakin ruwa, sannan muka shiga kwalekwale. Ƙauyen masunta ne, ɗakunan laka da jinka, ba makaranta, ba asibiti, ba lantarki. Ni duk ban ga wannan ba. Abin da na gani shi ne yashi fari tas, da hayaƙin banda yana tashi a hankali, da wani ƙaton ɓaure a goshin tsibirin, daidai inda kogin ke rabuwa biyu. Na tsaya a inuwarsa na ji kamar wurin ya daɗe yana jirana.

Oga ya riƙe ƙugu yana nuni. Nan za a gina masauki, can inda jirgi zai riƙa tsayawa, gaɓar kuma za a kewaye ta da katangar dutse. Ya ce Turawa har layi za su yi. Da muka koma ni na buga rahoton. Inda ya rubuta “wuri mai kyau” na ƙara “mai sanyaya zuciya”, bai ma lura ba.

Bayan wata guda na ja maigidana muka koma, muka gaida dattijon garin, wanda shi ke raba wurin zama.

“Baba, fili nake so.”

“Mu ba mu sayar da ƙasa, 'yata. Wanda ya kawo goro, a nuna masa inda zai kwana.”

Ya kai mu wutsiyar tsibirin, bayan murhun masu banda, wuri duk taɓo da kyauro da sauro. Ya ce nan ne wuri mai kyau.

“Can nake so, Baba, gindin ɓaure.”

Ya ce, “Kogin nan ta goshi yake ci, ya zo wutsiya ya amayar. Kin ga inda kwalekwalen can yake tsaye? Nan aka haife ni. Ɗakina na yanzu shi ne na huɗu. In gaɓa ta matso, sai mu ɗauki jinka mu yi gaba. Shi ya sa ba ki ga siminti a garin nan ba.”

“Ai gwamnati za ta yi katanga.”

“In ji wa?”

“A rubuce yake, Baba.”

Maigidana ya yi gyaran murya. Ya ce, “Gaya masa wa ya rubuta mana, Hajiya.” Hajiya yake kirana in zai tsokane ni, ko filin jirgi ban taɓa takawa ba.

“Ba ni na rubuta ba, bugawa na yi.”

Dattijon ya yi dariya har da tari. “To, goshi dai ba mai so. Ɗauki iya inda ƙafarki ta gaji.”

A hanyar komawa maigidana ya ce in ruwa nake son kallo zai riƙa cika mini baho a tsakar gida. Ban kula shi ba. Har yau ina mamakin kaina. Na fi kowa sanin yadda takarda ke mutuwa a ofis, don ni nake ɗaure su da igiya in tura ƙasan kabad. Amma wannan da yake ta bi ta yatsuna, sai na yarda da ita.

Na sayar da sarƙar aurena da keken ɗinkina. Aka riƙa haye da bulo a kwalekwale, mutanen gari na tsaye suna kallo. Ɗaki uku da baranda, na sa aka yi masa fenti ruwan hoda. Biyu na baƙi masu yawon buɗe ido, ɗaya namu in mun yi ritaya. Har labule na ɗinka. Ranar da aka gama na taka daga baranda zuwa gaɓa, taku sittin cif. Na ce a raina ko kogin nan kura ne ba zai cinye wannan ba kafin katanga ta iso.

Katanga ba ta iso ba. Aka yi wa oga canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi ya ce shi tsaunuka yake so. Baƙin da gidan ya taɓa saukewa su ne ma'aikatan rigakafi, kwana biyu, sai wata mai sarin kifi daga Lokoja da ruwan sama ya tare. Kowace damina in ruwa ya ja sai in je in taka. Arba'in da takwas. Talatin da biyar. Wata shekarar kogin bai ci komai ba, na dawo gida ina waƙa, wadda ta biyo ta ya rama. Garin kuma yana ta ja da baya ɗaki ɗaki, har ya zama in na zauna a baranda ba na jin ko ƙarar turmi. Samarin ma sun watse, sun tafi leburanci da acaɓa a birni.

Da ɓauren ya faɗa ruwa, dattijon ya aiko a kira ni, muka je ni da maigidana. Ya tsufa ƙwarai, yana dogara sanda.

“'Yata, a cire kwano da ƙofofi kafin damina. Abin da za a iya ɗauka a ɗauka.”

“A ba shi shekara ɗaya, Baba.”

“Ni ba ni ke bayarwa ba.”

Na dubi maigidana, ina jiran tsokana. Bai yi ba. Ya cire hula, ya naɗe hannun riga, ya tambaya ko akwai mai tsani a garin.

Da hantsi aka fara, kafin la'asar an gama. Na zauna a kan yashi ina jin kukan ƙusa ɗaya bayan ɗaya. Da aka yaye rufin, rana ta shiga ɗakunan, na ga ashe ƙanana ne. Kwanon na bar wa masallacin garin. Bulo kuwa ba ya ɗaukuwa. A ƙarshen daminar nan aka bugo mini waya ina ofis, aka ce gefen baranda ya tafi, sauran ma ya tsage. Na ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, na kashe wayar. Ban je na gani ba.

Ƙofofin uku muka ɗauko a bayan akori-kura. Suna nan jingine a lungun bayan gidan da muke haya, gara ta fara cin ɗaya daga ƙasa. Sau biyu mai gidan hayar yana cewa in kwashe su, suna tare hanya. Nakan ce masa to.