Ƙusar da Tela Bai Ji Ba

Jama'a a gyara zama, a rage rediyo, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ga Babban Sufeton Dunduniya, Shugaban Basilla da Gam, mutumin da ya shekara talatin da ɗoriya yana kallon duniya daga idon sawu zuwa ƙasa: kawuna, shumekan bakin layinmu, wanda kowa ke kira Sunkuye.

Sunan ba a banza ya zo ba. Ofishinsa benci ne da akwatin katako a ƙarƙashin rumfar kwano, jingine da bangon shagon Tela. In ka gaishe shi, takalminka zai amsa wa. Fuska kuwa ko oho. Akwai ranar da matarsa ta sako sabon takalmi ta tsaya a gabansa, ya ce, "Baiwar Allah, gogewa ko ɗinki?" Kwana biyu ba ta ce masa ci kanka ba.

Amma miƙa masa tsohon takalmi ka sha labari. Yana gane direba da yadda dunduniyar dama ta cinye, yana gane malamar makaranta da farin alli a cikin ɗinki. Kuma yana da doka guda: kafin ya kalli wajen takalmi, sai ya zura hannu ciki ya shafa. Maigidan da ya koya masa aiki ne ya dasa masa ita da ƙeyar burushi, ranar da ya mayar wa wani da takalmi da tsinin ƙusa a ciki.

Shi da Tela sun shekara ashirin suna zagin juna, kuma duk ranar da ɗaya bai fito ba, ɗayan ba ya iya aiki. Wata safiya Tela ya fito da ɗan tumbinsa, tef a wuya, ya tuɓe sau-cikinsa na dama ya jefa kan benci.

"Ga shi nan, Sunkuye, ya wangale baki. Liƙe min shi, ina da aiki."

"Iska yake nema. Ya gaji da warin ƙafarka."

Kawu ya zura hannu. Sai ya ji caf! Ya zaro yatsa da ɗigon jini a kai. Ƙusar dunduniya ce ta ɓullo ta ciki. Ya karkata takalmin wajen rana. Tsinin ƙusar har ƙyalli yake don gogayya, ga wani tabo ruwan ƙasa ya kewaye shi, sabo a kan tsoho. Wannan ba aikin yau ba ne, ba na jiya ba.

Tela na tsaye yana ta zuba a kan wani mai wando da ya ƙara ƙiba ya ce tef ne ya yi ƙarya.

"Tun yaushe kake jin ƙusar nan?"

"Wace ƙusa?"

Kawu ya tuna baya. Haka na maigidansa ya fara: ɗan ciwo a tafin ƙafa da ba ya zafi, ana dariya ana cewa jarumi ne, ƙarshe da sanda biyu ya dawo daga asibiti, wando a naɗe. Tela kuwa da ƙafar daman nan yake taka keken ɗinki, kuma baki bakwai ke ci a ƙarƙashinta.

"Cire safa."

"A bakin titi? Ka ji tsohon banza! Ba ni takalmina."

Kawu ya jefa takalmin cikin akwati, ya rufe, ya zauna a kai. Tela ya yi ta bambami har ya gaji, sannan ya zauna ya ja safar. Ta ƙi fita, ta manne. Da ta ɓanɓaru sai ga rauni a dunduniya, girman maɓallin riga, bakinsa ya yi fari.

"Rufe idonka," in ji Kawu. Ya danna gindin basilla a babban yatsa, ya danna a tsakiyar tafi, ya danna dab da raunin. "Ka ji?"

"Ka fara ne?"

Nan aka yi abin da layinmu bai taɓa gani ba. Sunkuye ya ɗago kai ya kalli mutum a fuska. Tela ya buɗe ido suka yi ido biyu, dariyar da ya fara ta tsaya cak. Daga baya ya ce ba raunin ne ya tsorata shi ba, kallon ne.

"Ashe ka yi furfura haka," in ji Kawu. "Tashi mu tafi."

Ya kulle akwati tun da hantsi, ya ba Tela silifas mai taushi, suka nufi asibiti. Suna zaune a layi Tela sai murza tef yake. Kawu ya mayar da kansa ƙasa yana bin takalman masu wucewa, amma ranar ko ɗaya bai gane ba.

Likita ta ɗebi jini, ta wanke raunin, ta daɗe tana dubawa. Ciwon suga ne, in ji ta, shi ke kashe jin ƙafa a hankali mutum bai sani ba. Sannan ta cire safar hannu.

"Bai kai ƙashi ba. Da kun ƙara sati biyu, da wata maganar muke yi."

"Wato ƙafar tawa ce har yanzu?" in ji Tela.

"Taka ce, Baba. Ka riƙe ta da kyau."

Kawu ya sauke wani numfashi har bencin ya yi ƙara. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Da wa zai sayi takalmi wari ɗaya?"

Sati shida Tela na jinya da bandeji, bangon ya yi shiru. Safiyar da keken ya sake tashi, kar-kar-kar, an ji Kawu yana fito. Ya ɗinka wa Tela sabon takalmi, zare da gam zalla, babu ƙusa ko ɗaya. Yanzu kullum kafin Tela ya buɗe shago sai ya tsaya wajen Kawu ya miƙa ƙafa a duba. Shingen kwastan yake kiran wurin.

Ni dai abin ya burge ni. Na je na tsaya a gabansa na ce, "Kawu, ka ceci ƙafar mutum fa! Abin da mai ƙafar bai ji ba, kai ka ji. Irinku ake kafa wa allo a bakin titi."

Bai ɗago ba.

"Ƙusa ce ta soke ni. Ɗaga ƙafarka, ka take min zare."