Fulogi Huɗu Kafin Raɗin Suna

Mun tashi da asuba daga Furana, ko in ce mun yi niyyar tashi, domin sai da maƙwabta uku suka tura motar har bakin masallaci kafin ta yarda ta kama. Tsohuwar a-kori-kura ce, wadda maigidana ya yi shekaru yana jigilar barkono da masara da ita. Shekara biyu ke nan da idonsa ya dushe, makulli ya koma hannun babban ɗanmu. Tun daga lokacin Malam bai ƙara wuce masallacin unguwa ba. Ya ce ba zai iya a riƙa jan hannunsa a gaban mutanen da ya saba ɗauka a mota ba.

Abin da ya fito da shi ran nan, 'yarmu da ke aure a Kudan ce ta haifi namiji bayan mata biyu, surukinmu kuma ya aiko cewa Malam za a yi wa takwara. Da hantsi za a raɗa suna, liman yana da ɗaurin aure a wani ƙauye, ba zai jira kowa ba. Malam ya ce shi dai ya ji raɗin sunan da kunnensa, in ya rasa wannan to fitarsa ba ta da amfani.

Mu uku muka matsu a gaba. A baya itacen wankan jego ne, da gero, da kanwa, da zakaru biyu. An yi ruwa kafin asuba, hanya duk kududdufi, dawa ta fitar da kai dama da hagu. A Ikara muka tsaya shan mai. Motar tana tsaye amma sai karkarwa take yi kamar mai masassara. Malam ya ɗora tafinsa a gaban motar, can ya tambayi ɗan nasa ko ba shekaranjiya ya sha mai ba. Ya amsa cewa kwanan nan ta ƙara ci. Da tsadar da mai ya yi yanzu, ni ma sai da abin ya dame ni.

Kafin Gubuchi akwai ɗan hawa. A nan ta fara tari, tana fizga, in ta yi tari zakaru su amsa daga baya. Wani dattijo a kan keke, da damin ciyawa, ya zo ya wuce mu, har ya ɗaga hannu ya ce sannunku da hanya. Muka samu gindin ɗorawa muka tsaya. Ɗana ya fito da sifana da samfefa. Malam ya hana shi taɓa komai sai inji ya huce.

"Baba, yanzun nan zan kankare fulogin in wanke da fetur, kamar yadda ka koya mini."

"Tun da ka karɓi makulli, sau nawa ka kankare su?"

"Da yawa."

"Sabo fa, sau nawa ka sa?"

Ashe waɗanda Malam ya ɗaura da hannunsa tun yana gani, su ne har yau a ciki.

Da aka kwance na farko Malam ya karɓa yana shafawa. Fulogi ɗan ƙaramin abu ne kamar yatsa, rabi ƙarfe rabi farin tangaran, a bakinsa wuta ke ƙyastuwa ta kunna mai. Ya miƙo mini ya ce, "Hajiya, ara mini idonki. Wane launi ne bakin?" Na ce baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya. Ya ce mai lafiya kalar soyayyiyar gyaɗa yake yi. Na uku kuma na ga tsaga siririya a jikin tangaran ɗin, na faɗa masa. Sai ya sa farcen babban yatsansa a 'yar tazarar da ke bakin.

"Ranar da na ɗaura su, da ƙyar farcena yake shiga. Ji yanzu yadda yake yawo. Tsinin ma ya cinye, ya zama kamar ƙwayar gero." Ya juya wajen da yake jin numfashin ɗansa. "Laifina ne. Na koya maka kankarewa, ban koya maka jefarwa ba. Ni nake dubawa in yar, ban taɓa buɗe baki na faɗa ba."

Ɗana ya so a kankare a miƙe Kudan, domin rana ta fara ɗagawa. Malam ya ce kankarar yau iyakarta Makarfi, in aka matsa mata za ta ajiye mu a dajin da babu ko mai faci. Ni dai ina kallon inuwar ɗorawa tana gajarcewa, ina salati a zuci.

Aka kankare aka mayar da su, muka lallaɓa har Makarfi, gonakin rake kore shar sun fi tsayin mutum. Shagon kayan mota a rufe. Mai shayi ya nuna wa ɗana gidan mai shagon, ni kuma na saya mana koko da ƙosai. Ƙosan bana ya ƙanƙance, kuɗinsa ne kawai ya girma. Malam bai iya ci ba.

Mai shago ya zo yana goge baki, ya gaida Malam har ƙasa, ashe ya san shi tun yana tuƙi. Ya ba da shawara a sauya mai tsagar kaɗai. Malam ya ce, "Tare suka tsufa, tare za su huta. Kawo huɗu." Ya sa na karanta baƙaƙe da lambar da ke jikin tsohon, na gwada da na jikin kwali. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, yadda aka koya mana a ajin manya. Na ƙarshe bai zo daidai ba. Mai shago ya yi dariya ya ce, "Yau da malama aka zo mini," ya koma ya ɗauko na ainihi.

Malam da kansa ya ɗaura su. Da yatsu ya fara murza kowanne a hankali har ya zauna, sannan ya ce a sa sifana, kada a matse da ƙarfi. Wannan aiki ba ya neman ido. Ɗana ya murɗa makulli sau ɗaya, ta tashi, muryarta sumul. Na ga leɓen Malam yana motsi.

Muka tsallake babban titi muka nufi Kudan, ba tari ba fizga. Mun tarar an cika tabarmi a ƙofar gida, an gama raba goro, liman yana gyara zama. Ɗana ya buɗe wa uban ƙofa ya tsaya, bai san ko ya kama shi ba. Malam da kansa ya miƙo hannu ya ce, "Ja ni, kada mu makara." Haka suka ratsa taron, mutane suna tashi suna gaishe shi.

Ina shiga cikin gida aka shafa fatiha a waje, aka ɗaga murya aka faɗi sunan da bakina bai taɓa furtawa ba tun ranar aurena. Mata suka rangaɗa guɗa. Aka ɗora mini jaririn a cinya, ƙanwar surukina tana tsokanata wai ga sabon miji na samu, in sallami tsohon. Na ce a'a, tsohon ne ya kawo ni.

Da la'asar muka juyo da tuwon suna da dabino. Malam bai ɗauke tafinsa daga gaban motar ba har Furana, muka iso kafin magariba.

Abin da na riƙe daga wannan tafiya, in mota ta fara wuyar tashi da safe, tana karkarwa a tsaye, tana shan mai fiye da da, tana kasa hawa, a kwance fulogi a duba. In tsinin ya cinye, tazara ta buɗe, ko tangaran ya tsage, kankara ba za ta ƙara amfani ba, a sauya su duka. Na kuma gane akwai abin da manya suka sani wanda ba su faɗa ba, don kawai ba a tambaye su ba.

Tsofaffin huɗun suna cikin kwano a ɗakina, Malam ya hana a zubar. Da muka sauka ya ce wa ɗansa, "Ran kasuwar Ikara ka tashe ni da wuri. Akwai wata ƙara a ƙafar baya da ban yarda da ita ba."