Kukan Kwaɗin Gangare

A shekarun da muka yi haya a tudun Rafin Guza, maigidana yana da wata al'ada da damina. In an idar da magariba sai ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ya kashe rediyo. Daga can gangare, wajen kogi, kukan kwaɗi ke tasowa, kafin ya iso mana ya yi laushi. Wani lokaci wata siririyar murya takan ratso ta saman sauran, ita ya fi so. Sai ya lumshe ido ya ce, "Ke, saurara. Tasbihi suke yi, kowa da muryarsa, ba mai shiga ta wani."

Da daɗi kam, ban musa ba. Amma ni tun ina yarinya, in abu ya cika daɗi daga nesa sai na leƙa bayansa hankalina ke kwanciya.

Ritayarsa ta matso, ba mu da ko bulo ɗaya namu na kanmu, abin yana cin sa ko bai faɗa ba. Sai ga wani dillalin filaye, abokin sahunsa a masallaci, mai fara'ar da ta wuce kima, ya ce akwai fili a gangaren, daidai inda kukan ke fitowa. Da rani ya ɗauke shi a besfa ya kai shi. Maigidan ya dawo baki har kunne.

Na ce, "Malam, me ya sa sai da ƙasa ta bushe ya kai ka? Wa ke sayen fili a Kaduna bai ga inda ruwa ke kwana ba? Shi mai filin me ya kore shi?"

Ya ce, "Ke dai kowa macuci ne a wurinki."

Dillalin nan ya dinga yi mana sintiri, yau goro, gobe gaisuwa. "Hajiya, ina gajiya?" Ni da ko filin jirgi ban taɓa takawa ba! Kullum maganarsa a gama kafin ruwa ya sauka. Wannan gaggawar ce ta ƙara tsaya mini a rai, na kafe sai damina ta zauna.

Ranar da aka yini ana ruwa, da ya tsagaita gab da magariba, na yafa gyale na ce mu je. Muna gangarawa kukan yana ƙara kauri, har daɗin ya fita daga cikinsa. Da muka tsaya a filin, laka har idon sawu, ba tasbihi na ji ba, hayaniya ce kamar ta maƙeran Panteka, kowane kwaɗo yana neman danne ɗan'uwansa. Sai na ɗaga murya yake jin abin da nake faɗa. Ruwan kwatar unguwa kaf nan yake taruwa, ga sauro.

Can sai siririyar muryar nan ta tashi kusa da mu. Muka waiga. Maciji ne ya kama kwaɗo ta ƙafa yana ja cikin ciyawa, kwaɗon yana ƙara. Maigidan ya daɗe yana kallo, wandonsa jage-jage da laka. Ya ce, "Mu koma."

Bai sayi filin ba. Na yi zaton zan ji daɗi, ban ji ba. Tabarmar ba ta sake fitowa ba. Da magariba sai ya shige ɗaki ya ƙure rediyo, ko da turanci ake labarai ko da me.

Dillalin kuwa shi ya saye wurin. Ya sa tifa ta yi ta juye jan ƙasa, ya ɗaga gini, ya zuba 'yan haya. Gidan yana nan tsaye. Na sha juya abin a raina. Da can cusa mana ya so yi, da ya rasa mai saye ya riƙe? Ko kuwa alheri ya nufa? Har gobe ban yarda da fara'ar nan tasa ba.

Maigidana a gidan haya ya rasu. Dillalin ya zo ta'aziyya, ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya ce, "Allah sarki, Hajiya. Malam ya so wurin nan."

Na ce amin ga addu'arsa. Har ya tashi ya fita ina duban fuskarsa, ban gane ko ta'aziyya ya yi mini ko gori ba.