Pak Cik Shuib Mai Hannu a Baya

Kowace safiya, da an idar da sallar asuba, Pak Cik Shuib, wato Kawu Shuib a harshenmu, yakan hau kekensa ya nufi rumfar kwanon da ke bayan kasuwar kifi a nan garin Taiping. Ya share dandamali, ya jera sufanu a kan buhu daga ƙarama zuwa babba, ya tara bokitai inda kwano ke yoyo, don garinmu ba ya rabo da ruwan sama. Sai ya kwance ƙunshin shinkafar kwakwarsa ya ci, ya wanke hannu. To daga nan hannun ya tashi daga aiki. Baya yake mayar da shi ya harɗe, ya jira masu motoci.

Mu masu zuwa wurinsa ciwonmu ɗaya: son tsofaffin motocin tsere, masu ƙofa biyu da kujera biyu, irin waɗanda garejin zamani ke kallo ya ce kayansu sun ƙare a duniya. Pak Cik ya yi ƙuruciyarsa yana gyaran irinsu. Da ya manyanta sai ya buɗe rumfar nan da doka guda: mota taka ce, hannu naka ne, shi ido da baki ya kawo. Zai ara maka jak, ya nuna maka noti da haɓa, ya tsaya a kanka har rana ta karya. Amma ba zai taɓa motarka ba.

Ah Keong, mai sayar da taliya a bakin kasuwa, ya fi kowa daɗewa a rumfar. Shi ya ba ni labarin shekarar da ambaliya ta shiga unguwanni. Ya ce ruwa bai gama janyewa ba suka hango Pak Cik yana ratsa taɓo har gwiwa, gida-gida, yana ƙwala wa mutane kira kada wanda ya kuskura ya tayar da inji sai an zubar da ruwan da ya sha. Motoci da yawa da ke yawo a garin nan yau, wannan tattakin ne ya cece su. Ah Keong ya ce ko a cikin taɓon, hannunsa na baya.

Ni mutuwa ce ta kai ni wurinsa. Mahaifina ya rasu ya bar wata jar mota 'yar Japan da ta girme ni, wadda a cikinta ya ɗauko mahaifiyata ranar aurensu. Jinyarsa ta sa ta daɗe a ajiye, tayoyi suka sace, ɓeraye suka tare a ƙarƙashin kujera. Pak Ngah, ƙanen mahaifina, ya samo wani mai yanka motoci ya sayar da sassansu. A zaman iyali na ce ban yarda ba.

"Izzati," in ji shi, "ke lauya ce, surutu kika iya. Mota ba ta jin hujja."

"Za ta tashi, Pak Ngah."

"Wa zai tashe ta? Ke? Da wannan lallen?"

Aka yi dariya. Mak, mahaifiyata, ba ta yi ba. A ƙarshe aka tsaya a kan sharaɗi: in motar ta kai Mak ƙauyenmu da ke bayan Kuala Kangsar ranar ƙaramar Sallah, ta zauna a gidan. In ta gaza, mai yanka ya zo ya ja abinsa.

Da aka jawo ta rumfar, Pak Cik ya zagaya ta a hankali. Ya san ta, don mahaifina ya sha kawo ta. Na zaci zai tausaya wa marainiya ya karya dokarsa. Sai ya ce, "Lauya, ɗauko sufanar can. Ba waccan ba, ƙanwarta."

Watanni na yi ina zuwa duk ranar da babu kotu. Na juye baƙin mai ya wanke mini fuska. Na canja fulogogi, na wanke kabireta, na cire tiyoyin da suka tsufa na sa sababbi ɗaya bayan ɗaya. Birki kuwa, sai da ya sa na kwance na sake ɗaurawa har na daina ƙirgawa, ya ce inji in ya ƙi, kunya ce kawai, birki in ya ƙi, makara ce. Ya ba ni shawara na ƙara wa lagireto fanka mai aiki da batir saboda hawan dutse, na kuma ɗaura wa kujerar Mak bel da maɗafar hannu. Faratana suka kakkarye. Abokan aikina suna kallon baƙin da ya ƙi fita daga yatsuna, ni kuwa ina ɗora hannun a kan tebur don su gani da kyau.

Ranar da na kusa sarewa cikin azumi ne. Wani noti a ƙarƙashin injin ya ci tsatsa ya kafe. Na zuba mai, na buga, na ja har sufana ta kuɓuce ta fasa mini yatsa. Ina kwance a ƙasa, ga ƙishi, ga jini, ga Sallah ta matso.

"Pak Cik, don Allah, wannan ɗaya kawai. Juyi ɗaya."

"A'a."

"Ba wanda zai sani!"

"Motar za ta sani," in ji Ah Keong daga ƙarƙashin tasa. "Ni ma na roƙe shi a kan noti irin wannan. Har taliya kyauta na yi masa alkawari. Dutse ne wannan tsohon."

Pak Cik ya durƙusa har na ga fuskarsa ta gefen taya. Ya ce, "In na kwance miki yau, ranar da ta tsaya miki a hanya ni za ki nema. Ni kuwa ba kullum zan kasance ba. Zura wa sufanar bututun can ta ƙara tsawo, ki tura da ƙafa."

Ban yi kuka ba, ba na yi a gaban maza. Amma na ji haushinka a ranar, Pak Cik, haushi mai tsanani. Na tura da ƙafa kamar kai nake turawa. Notin ya yi ƙara ya saki.

Ranar Sallah muka kama hanya bayan an sauko daga Idi, Mak a gefena da tukunyar nama a cinya, Pak Ngah a bayanmu cikin sabuwar motarsa mai sanyi. A hawan dutsen Bukit Berapit cunkoson masu zuwa gida ya tsayar da kowa. Ina kallo allurar zafi ta fara hawa, sai tururi ya turnuƙe daga gaba. Na gangara gefen hanya na kashe.

Pak Ngah ya fito yana gyara hula. "To, Lauya, shari'a ta ƙare. Bari in kira masu jan mota. Matar Yaya, fito ki shiga tawa."

Mak ko motsi ba ta yi ba. Ta ce, "Yayanka bai taɓa sauke ni a hanya ba. 'Yarsa ma ba za ta sauke ni ba."

Na buɗe gaban motar. Gabana bai faɗi ba, domin babu abin da ke ciki wanda ban riƙe da hannuna ba. Na jira ta huce kamar yadda aka koya mini, sannan na bi tiyoyin da yatsa. Na ƙasa ne ya zame daga bakinsa, zoben da ke matse shi ya tsage. Ina da wani a but, don Pak Cik ba ya barin a yar da tsohon da bai mutu ba. Na naɗe hannun rigar Sallata na kwanta a kan tsakuwa. Mutanen da ke cikin cunkoson suka riƙa miƙo gorunan ruwa ta taga, wata tsohuwa tana cewa, "Ku ba yarinyar nan, ku ba ta!" Na cika lagireto, na murza makulli. Ta tashi.

Mun shiga ƙauye da baƙin mai har gwiwar hannu, naman bai ma gama hucewa ba. Pak Ngah bai sake ɗaga maganar ba. Da yamma na gan shi yana ɗaukar hoto a jikinta.

Lahadin da ta wuce Pak Cik ya ajiye aiki. Idonsa ya yi rauni, 'yarsa ta zo za ta tafi da shi garin Ipoh. Muka cika layin kasuwa da motocinmu don yi masa bankwana. Na tsayar da jar a gabansa na bar injin yana aiki. Ya zagaya ta yana saurare. Sai ya zaro hannun dama daga baya, ya shimfiɗa tafinsa a kan murfin injin, ya lumshe ido.

"Jama'a!" in ji Ah Keong. "Ashe yana da hannu!"

Pak Cik ya ce mini, "Yanzu taki ce. Ko na taɓa ba zan ƙwace miki ita ba."

Pak Cik, kai ne makanikin da ya hana kansa daɗin gyara don mu iya. Ginshiƙin rumfa, mai hannu a baya. Ka riƙe wa Mak motar aurenta, ka ba ni abin da ba a sayarwa a shagon kaya. Na gode, Pak Cik. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya saka maka da alheri. Iyaye da malamai da duk wanda ya iya wani abu, ku yi koyi da shi: ku tsaya kusa, ku faɗi gaskiya, ku bar mai koyo ya ja notinsa.

Rumfar ba ta rufe ba, mu muka karɓe ta. Jiya wata malamar asibiti ta kawo tata motar, ta kama fulogi tana murzawa a karkace. Na mayar da hannuna baya kamar yadda kake yi. Kafin ta gama juyi ɗaya yatsuna sun fara ƙaiƙayi, sai da na damƙe hagu da dama kamar mai riƙe ɓarawo. A nan na san cewa ranar notin nan, ba ni kaɗai ke shan wuya ba.