Tsirkiyar da Ta Yi Shiru

Mai Zarto sai da furfura ta fara leƙo masa a gemu sannan ya ɗauki jita. A shekarun da sa'o'insa ke neman maganin ciwon gwiwa, shi kiɗa ya je ya kwaso. Ba ma saye ya yi ba. Wani direban babbar mota ne ya kawo ta injin tsaga katako inda yake aiki, wuyanta a ɓalle, wai a manna masa. Aka manna. Direba bai dawo ba. Ko hanya ce ta ci shi, ko mantuwa, babu wanda ya sani. Jita ta yi ta shan garin katako a saman rumfa har ranar da Mai Zarto ya saɓo ta a kafaɗa ya shigo gida.

"Wannan kuma gawar mece ce?" in ji matarsa.

"Baƙuwa ce, Maman yara. A ba ta wuri."

"Wurin da ya rage a ɗakin nan ai ƙusa ce."

Ƙusar kuwa aka ba ta, a bango, daidai inda idonsa zai faɗa in ya shigo. Baiwa dai ba shi da ita, wannan kowa a layin ya shaida, har kajin maƙwabta. Abin da Allah ya ba shi naci ne. Ya kafa wa kansa doka: da ya taso daga aiki, kafin wanka, kafin abinci, zai wanke hannu, ya sakace ƙarƙashin farce, ya zauna a kan wani guntun kututture, fuska ga bango. Ba ya farawa da abin da ya iya. Wurin da yatsa ke tuntuɓe yake kamawa, ya yi ta maimaitawa a hankali kamar mai koya wa yaro tafiya, har ruwan wankansa ya tafasa. Da murfin tukunya ya fara rawa, sai ya rataye jita, ko da daɗin ya kai masa wuya. Ran da ya gaji, ya yi. Ran da zazzaɓi ya kayar da shi, a kwance ya yi. Ranar hutu ma ba ta canza komai, don ranar suke wasa haƙoran zarto da dutsen inji, wanda ihunsa ya fi na zarton. Daga can zai zo ya hau kututturensa.

Shekaru suka tafi a haka. Maƙwabta suka daina rufe taga. Matar da ta kira abin gawa aka fara kama ta tana bin kiɗan da hanci tana wanke-wanke.

Sai wata rana ya ce siririyar tsirkiya, ta can ƙasa, ta mutu. Ya sayo sabuwa ya ɗaura. Ita ma matacciya. Ya koma ya zazzage wa mai shago rashin mutunci, ya canza shago. Ya yi ta murɗa ta yana ƙara ɗaurewa, har ta tsinke ta tsaga masa kumatu. Namiji in ya sa kansa, sai ya tuhumi duk garin kafin ya duba jikinsa.

"Ni fa ina jin ta," matar ta ce. "Har cikin haƙorina nake jin ta."

"Ke me kika sani a kiɗa? Zarto ne bai gama fita daga kunnena ba. Kwana zai wanke shi."

Haka yake faɗa kullum, kuma da hujjarsa. Bai taɓa taɓa jita ba sai da kukan inji a kansa, to ta ina zai rarrabe? Dokar da ta koya masa kiɗa ita ce ta rufe masa ido. Murfin tukunya ya riƙa rawa har ruwa ya ƙone, shi yana nan fuska ga bango.

Masu aikin tsaga katako kuwa ba sa toshe kunne. Ba wauta ba ce zalla. Zarto yana magana: in ya kusa cin ƙusar da ta nutse a cikin gungume, ko haƙorinsa ya tsage, muryarsa takan sirance kafin ya yi tsalle, mai turawa ya janye hannu. Guntu, ƙanin matar Mai Zarto, wanda ke karɓar katako a ɗaya gefen injin, ranar da ya sa auduga saboda ciwon kunne ya samo sunansa. Yatsu biyu ya bari a wurin. Tsohon da ya koya musu aikin kuma yana nan a bakin ƙofa da yatsunsa cif, amma kunne ya tafi, a zage shi ya yi murmushi ya ce amin.

Wani yammaci matar ta zo ta tsaya a gabansa, tsakaninsa da bango.

"Baban yara, tun ɗazu nake kiran ka a bayanka."

"Ina kiɗa ne."

"Ba ka fara ba tukuna. Gobe ka kaɗa mini da safe, kafin ka fita."

"Ba lokacinsa ba ne."

"Na sani. Shekara nawa ina dafa ruwa a kan lokacinka? Ka ba ni safiya ɗaya."

Ya kwana yana juyi. Da gari ya waye ya sauko da jita, ya zauna. Kansa shiru, babu inji, babu komai. Ya taɓa manyan tsirkiyoyi, suka amsa. Ya sauko kan siririyar, ya ja ta da farce. Ya ga tana karkarwa. Ya ji ta a fatar yatsansa. Ya sake ja. Matar tana tsaye da tsintsiya, ya ga ta runtse ido saboda ƙarar. Ya taɓa ta kusa da ita. Wannan ta amsa, amma kamar daga gidan wasu.

Ya mayar da jita kan ƙusarta. Da zai fita ta tura masa dunƙulen auduga a aljihu.

A wurin aiki, kafin a tayar da inji, ya ja Guntu gefe, bayan tarin katako.

"Kai, kwanan nan gumaguman da ake kawowa masu tsabta ne, ko? Na daɗe ban ji zarto ya yi kukan ƙusa ba."

Guntu ya dube shi ya daɗe. Mutumin da bakinsa ba ya rufuwa da tsokana.

"Yaya, jiya ma ya yi. Shekaranjiya ya yi. Wa kake tsammani yake kashe injin?"

"Na ɗauka wuta ce ke ɗaukewa."

"Wuta ce, mai yatsu takwas." Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba. "Na zaci ka sani kana ɓoyewa ne. In maigidan wurin ya ji, bakin ƙofa za ka koma kusa da tsoho. In kuma wata rana na juya baya ina jera katako..."

"Kada ka gaya wa yayarka."

"Ita ta ce in riƙa kallon hannunka."

Barin aikin bai zo masa a rai ba ma. Ga yara, ga furfura, kuma ban da tura gungume babu abin da hannunsa ya iya sai abin da ba ya ciyar da kowa. Ya ciro audugar ya tsaya yana juya ta. In ya toshe duka, ko tsawar Guntu ba zai ji ba. In ya bari a buɗe, zarto zai cinye saura, tsirkiya bayan tsirkiya. Ya raba audugar, ya cusa a kunnen hagu, wanda ya fi ji, ya danna da ɗan yatsa. Na daman ya bar wa injin.

Yanzu da safe yake kiɗansa. Bai cire siririyar ba. In kiɗa ya zo kanta yakan ja ta a wurinta, ya ɗago kai.

"Ta fita?"

"Ta fita," in ji matar.

Da yamma kuma tana bakin ƙofa tun kafin ya shawo kwana, kuma ba fuskarsa take fara duba ba.

A makon nan ya fara tambayar ta ko tsirkiya ta biyun ta fita.