Warin Silifas Ɗin Pungodi

Duk wanda ya saba shiga kasuwar furanni ta Madurai ya san Pungodi, mai rumfar nan ta kusa da famfo, wadda take kitsa fure tana yi wa masu ciniki tsiya ba ta ko kallon zaren. Akwai warin silifas rataye a saman rumfarta. Baƙi suna ɗauka maganin baki ne. Ba shi ba ne.

Marainiya ce, a hannun Gwaggo Rasati ta tashi. 'Ya'yan Gwaggo biyu aikinsu hoda da madubi, ita kuwa zare da fure. Tun tana ƙarama take mutuwar son jarumi Minnal Maran, har tambarinsa na walƙiya ta zana da jan farce a silifas ɗinta. Duk sanda fim ɗinsa zai fito, ƙungiyar masoyansa kan kafa hotonsa na katako a ƙofar silima, ya fi bene tsawo, su rataya masa sarƙar fure, su yi masa wanka da madara. Ita ke kitsa sarƙar, amma ba ta taɓa ganinta a wuyansa ba. Bikin na maza ne, Gwaggo kuma ta ce 'yar mutunci ba ta zuwa inda ƙarti ke ihu. Burin Pungodi ɗaya ne: ta zuba madarar nan da hannunta.

Wata safiyar fitowar sabon fim, Gwaggo ta tafi wurin bauta. Pungodi ta zura tsohuwar rigar kawunta, ta naɗe kai da tawul, ta fice. Dole ta dawo kafin motar fure ta iso kasuwa.

Ta tarar ana kiɗa ana rawa, sai iska ta zame sarƙar daga kafaɗar jarumi. Gorar da ake takawa a hau hoton ta sha madara, santsi kamar kuɓewa, jarumawan ihu duk suka koma kallon juna. Pungodi ta cire silifas, don ba a hawa wurin jarumi da takalmi, ta haye, ta ɗaure abinta. Tana can sama ana tafi, sai ta hango motar fure ta karyo kwana. Ta sauko a guje, ta laluba tulin takalma, wari ɗaya ta samu, ta arce.

Sakataren ƙungiya, wani direban keke mai suna Anbu, ya tsinci ɗayan. Ya ɗaga shi a gaban hoton ya rantse: ranar bikin kwana ɗari na fim ɗin, mai takalmin nan ne zai zuba tulun madara na farko.

Washegari rabin samarin unguwa suka tuna sun yar da takalmi. Wani ƙato ya tura babban yatsa kawai ya ce, "Nawa ne, kumburi na yi."

"Sauka, maƙaryaci," in ji Anbu. "Kai ko gado ba ka iya hawa sai an tura ka."

Da bikin ya matso, Anbu ya zo odar sabuwar sarƙa, silifas ɗin na leƙowa daga aljihunsa. Ya duƙa zai shinshina fure, sai ya ga ƙafar mai kitso: ɗaya da walƙiya, ɗaya cikin tsohon takalmin kawu.

"Ƙanwata, ina ɗan'uwan wannan?"

"Kare ya ɗauke," Gwaggo ta amsa a madadinta.

Pungodi ta dubi Gwaggo, ta dubi aljihun. In ta yi shiru, madara ta wuce ta har abada. Ta miƙa ƙafa.

"Karen kuwa ga shi tsaye, Gwaggo. Yaya, sa mu gani."

Anbu ya sa mata, silifas ya zauna cif.

"Na shiga uku!" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Ke ce birin da ake ta labarin ya hau hoto?"

"Mace?" Anbu ya sosa ƙeya. "'Yan ƙungiya za su cinye ni ɗanye."

"To koma gaban jarumi ka ce ka fasa rantsuwar," in ji Pungodi.

Wa ya isa? An yi sati ana cacar baki a ƙungiya, amma ba a sami mai ƙarfin halin karya rantsuwar da aka yi a gaban jarumi ba. Ranar biki Pungodi ta hau da zanenta na sari, ba tawul ba rigar aro, ta juye tulu. Gwaggo ta zo da niyyar janyo ta gida, aka gan ta a sahun gaba tana ihu, "A hankali, 'yar nan, za ki zuba masa a ido!"

Silifas kuwa Anbu bai mayar ba. Ya ce kayan shaida ne, sai ƙungiya ta zauna. Kullum ya zo rumfa ba da haƙuri, kullum ya sha shayi, har Gwaggo ta gaji ta ce ko ya kawo takalmi ko ya turo manyansa.

Ya turo manyansa. Takalmin dai har yau yana rataye a saman rumfa, wai ƙungiya ba ta zauna ba tukuna.